Shimfiɗa ƙyallen gilashi da efoksi a kan soso: amsa ga mai son ƙera ƙaramin jirgin sama

"Assalamu alaikum Malam. Ni mai walda ne a unguwar Zariya a nan Maradi, kuma na daɗe da burin ƙera ƙaramin jirgin sama mai ɗaukar mutum guda. Na gwada yin guntun fiffike da farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firji, na shafa masa ruwan faiba irin wanda masu gyaran jikin mota ke aiki da shi, sai soson ya narke nan take. Na samo efoksi, ruwan mannen nan da ake haɗawa da mahaɗinsa ya daskare, daga Kano na sake gwadawa. Wannan karon soson bai narke ba, amma abin da ke cikin kofi ya ɗauki zafi har yana hayaƙi, ya daskare kafin in gama, kuma ƙyallen zaren gilashin da na shimfiɗa a kan soson ya fito da farin dabbare-dabbare, wani wurin ma yana ɓarewa da hannu. Ina kuskurena yake, kuma falle nawa zan shimfiɗa kafin fiffiken ya iya ɗaukar mutum?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayoyi uku ka dunƙule wuri guda: abin da ya narkar da soso a gwajin farko, abin da ya tafasa efoksi ya kuma ɓata ƙyallen a gwaji na biyu, sannan ko yawan falle ne ke ba fiffike ƙarfi. Biyun farko zan warware maka su dalla-dalla domin sana'ata ce. Na yi shekaru ina gyaran jirage marasa inji a wani wurin gyara a Faransa, kuma tun da na dawo gida nake yin fukafukan ƙananan jirage marasa matuƙi da hannuna a cikin wannan zafi namu. Ta ukun kuwa ba zan ba ka adadi ba, kuma za ka ji dalili idan mun kai wurin.

Daga ina ƙarfin yake zuwa

Ka ɗauki karan dawa ka duba. Idan ka ɓare ɓawonsa ka riƙe shi kaɗai, lanƙwashewa yake yi kamar ganye, idan kuma ka ɗauki totuwar kaɗai, da yatsa biyu za ka karya ta, amma muddin suna manne da juna sai ga kara yana ɗaukar zangarniya mai nauyi yana jure wa iskar damina. Haka fiffiken soso da gilashi yake. Zaren gilashin da ke fatar waje shi ne ke ɗaukar ja da dannawa, soson da ke ciki aikinsa ya raba fatar sama da ta ƙasa ya kuma hana su tanƙwarewa, efoksi kuwa aikinsa ya riƙe zaruruwan a inda aka ajiye su, ya kuma liƙa su da soson. Daga nan za ka gane cewa efoksin da ya wuce abin da zare ke buƙata ba ya ƙara ƙarfi, nauyi kawai yake ƙarawa, kuma duk inda fata ta rabu da soso, to wurin ya koma ɓawo dabam totuwa dabam.

Dabarar ta girme mu. A 1957 ne jirgin Phönix marar inji ya fara tashi a Jamus, da jikin gilashi a kan katakon balsa mai sauƙi. A 1972 Ken Rand ya fito da KR-1 a Amurka, wanda ya haɗa katako da soso da ƙyalle da efoksi. Wanda ya mayar da ita hanyar da mutum zai bi a garejin gidansa shi ne Burt Rutan, da jirginsa VariEze da ya tashi a 1975 a Mojave ta jihar Kalifoniya, sannan Long-EZ a 1979. Hikimarsa ita ce ba a buƙatar mazubi: a sassaƙa soso ya ɗauki siffar fiffike, a lulluɓe shi da ƙyalle, soson ya zauna a ciki har abada. Wani abu da ya kamata ka riƙe shi ne, zanen waɗannan jirage yana sa mai ƙira ya fara da ƙananan gwaje-gwaje na koyo kafin ya taɓa kowane ɓangare na jirgin. Saboda haka guntun fiffiken da ka ɓata sau biyu, a wurina, hanyar da ta dace ka bi.

Soson da ya narke

Ruwan faiban masu gyaran mota foliyesta ne, kuma a cikinsa akwai sinadarin sitirin, wato abin da ke ba shi wannan wari mai hawa kai. Farin soson kwalin firji kuwa folistirin ne, da sitirin ɗin aka yi shi, don haka da sun haɗu sai ya narke kamar gishiri a ruwa. Fetur ma haka yake yi masa, asiton, ruwan da ake wanke buroshi da shi, ma haka, shi ya sa ba a yarda soso irin wannan ya kusanci tankin mai ba, kuma ba a goge shi da ruwan wanke buroshi.

Amma ko da efoksi, wannan farin soson bai dace da jirgi ba. Ƙananan ƙwayoyi ne aka matse suka manne, kuma idan fata ta ja shi, tsakanin ƙwaya da ƙwaya yake rabuwa. Wanda ake yi wa fukafukai amfani da shi folistirin ne da aka tura ta inji ya fito dunƙule ɗaya babu ƙwayoyi, galibi shuɗi, mai nauyin kusan kilo 32 a kowace kubik mita, kuma ana yanka shi da waya mai zafi tana bin allunan siffar fiffike da aka kafa a gefe biyu. Gangar jiki da tankin mai ana yi musu da soson PVC, irin su Divinycell, domin fetur ba ya cin sa. Akwai kuma soson foliyuretan mai sauƙin sassaƙa da wuƙa da samfefa, wanda nake roƙonka kada ka taɓa yanka shi da waya mai zafi, domin hayaƙinsa guba ne mai iya halaka mutum a rufaffen shago.

Ban ga ƙyallen da ka yi aiki da shi ba, amma idan irin na masu gyaran mota ne, wanda guntayen zare ke watse ta ko'ina kamar tabarmar da ba a saƙa ba, to shi ma yana cikin matsalar. Mannen da ya riƙe waɗannan guntaye an yi shi ne don ya narke a cikin sitirin, efoksi ba ya narkar da shi yadda ya kamata, sai ƙyallen ya ƙi jiƙa, ya sha efoksi mai yawa, ya ba da nauyi babu ƙarfi. Jirgi saƙaƙƙen ƙyalle yake so, kuma iri biyu ne aka fi sani. Akwai wanda zaren tsaye da na kwance suke daidai wa daida, mai nauyin kusan giram 300 a murabba'in mita, wanda galibi ake yanka shi a karkace bisa kusurwar digiri 45 don ya hana fiffike murɗewa ya kuma bi lanƙwasa, kamar yadda kowane tela ya san yadin da aka yanka a karkace yana miƙewa. Akwai kuma wanda kusan duk zarensa hanya ɗaya yake bi, wanda ake shimfiɗawa daidai da inda ja yake, musamman a azarar fiffike, wato ƙashin bayansa da ke bin tsawonsa.

Kofin da ya yi hayaƙi

Nan ne Maradi ta shigo cikin maganar. Efoksi da mahaɗinsa idan suka haɗu suna fitar da zafi da kansu, zafin kuma yana ƙara musu sauri, saurin ya ƙara zafi, har abin ya kubce. Idan an shimfiɗa shi siriri a kan fiffike, zafin yana fita ta iska, amma idan an tara shi da yawa a kofi mai zurfi, babu inda zafin zai bi, sai ya tafasa, ya narkar da kofin roba, wani lokaci ya ƙona hannu. Ƙa'idar da muke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin aiki da kusan rabi. Masu yin efoksi suna rubuta lokacin a kan gwangwani bisa zafin digiri 20 zuwa 25, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna wuce 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin rufin kwano. Efoksin da aka rubuta masa minti 40 zai iya ba ka minti goma ko ƙasa da haka.

Abin da nake yi shi ne na nemi mahaɗi mai jinkiri, na haɗa giram 60 zuwa 100 kawai a lokaci guda a cikin faffaɗan mazubi marar zurfi, na zube shi a kan aikin da zarar na gama motsawa. Babban aiki kuwa bayan sallar asuba nake fara shi, kuma na fi son watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Sai dai hunturu yana da nasa sharrin, wato ƙura, wadda ke sauka a kan jiƙaƙƙen ƙyalle ta shiga tsakanin falle da falle, don haka nake yayyafa ruwa a ƙasa, na rufe tagogi da leda, na kashe fanka. A damina kuma laima ce abin tsoro: wasu mahaɗan suna fitar da wani maiƙo a saman aikin idan iska ta jiƙe, kuma ba abin da zai manne a kansa sai an wanke shi da ruwa an goge. Shi kansa ƙyallen a ajiye shi a naɗe cikin leda, nesa da laima da man inji, abin da ke da wuya a shagon walda amma dole ne.

Akwai wata al'ada da masu aikin foliyesta ke zuwa da ita, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro. A foliyesta ana ɗiga mahaɗi kaɗan, kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari, kuma ana iya ƙarawa ko ragewa don saurin daskarewa. Efoksi ba haka yake ba ko kaɗan. Kowane ɓangare na mahaɗin yana da abokin da zai kama a cikin ruwan efoksi, kuma idan ɗaya ya fi yawa, rarar tana zama a ciki ba ta daskare ba, sai aikin ya fito da taushi ko gautsi ko da ya yi kama da mai kyau a ido. Kowane iri da nasa awo: MGS L285, wanda hukumar jiragen sama ta Jamus ta amince da shi, giram 40 na mahaɗi yake ɗauka a kan giram 100, wani irin kuma kashi ɗaya ne a kan biyar. Ka sayi ƙaramin sikelin lantarki mai auna giram, ka bar awon ido da murfin kwalba. Ka motsa minti biyu kana kankare gefe da gindin mazubin, kuma ka ajiye ragowar kowane haɗi ka rubuta masa rana. Bayan kwana biyu ka karce shi da wuƙa, idan ya ba da farin gari yana ƙara to ya daskare, idan ya naɗe kamar cingam to duk abin da aka yi da wannan haɗin abin tuhuma ne.

Sannan ka tambayi kanka wane efoksi ne ka samo daga Kano. Da yawa daga abin da ke kasuwa na shafen daɓe ne, ko na zuba wa tebur ado, ko manne mai kauri na ƴan bututu biyu. Na shimfiɗa ƙyalle dabam ne, tsinkakke ne kamar man gyaɗa, kuma yana zuwa da takardar bayani daga masana'anta. Wanda ba shi da suna da takarda da ranar ƙarewa, ka yi koyo da shi, amma kada ka ɗora ranka a kansa.

Yadda ake shimfiɗawa

Farin dabbare-dabbaren da ka gani iska ce a cikin zare, wato wurin da efoksi bai kai ba, domin ƙyallen gilashi idan ya jiƙu sosai garau yake zama har ka ga launin soson ta cikinsa. Dalilin farko shi ne efoksinka ya fara kauri kafin ya ratsa. Na biyu kuma, ina kyautata zaton kai tsaye ka ɗora ƙyallen a kan busasshen soso, alhali fuskar soso cike take da ƙananan ramuka da ke tsotse ruwan daga ƙarƙashin ƙyalle.

Maganin wannan shi ne wani farin gari marar nauyi na ƙananan ƙwallayen gilashi masu iska a ciki, wanda masu sana'ar ke kira maikiro. Ana dama shi da haɗaɗɗen efoksi, awo ɗaya da ɗaya na cikar mazubi, ba na sikeli ba, ya yi kamar kunu, a shafe fuskar soson da shi siriri da ƴar faffaɗar roba har ramukan su cika, sannan tun bai bushe ba a ɗora falle na farko. A gyara zaren ya miƙe daidai da yadda zane ya nuna, ta hanyar jan bakin ƙyallen a hankali, domin zaren da ya yi gwame ya rasa kaso mai yawa na ƙarfinsa. Daga nan a zuba tsantsar efoksi a tsakiya, a ja shi da robar zuwa gefe, a bi wuraren da suka ƙi jiƙa ana daddanna su da kan buroshi a tsaye. Idan ka ja robar ka tsaya ka ɗaga, ka ga tudun ruwa ya taru a gabanta, akwai rara, sai ka kwashe. Idan fari ya fara bayyana a bayanta, ka matse da yawa. Aikin hannu mai kyau yana ƙarewa da nauyin efoksi kusan daidai da nauyin ƙyalle, kuma saƙar tana bayyana a ido, ba ta nutse cikin ƙyalli ba. Maikiro tsakanin soso da ƙyalle kawai yake shiga, ba a taɓa sa shi tsakanin falle da falle, domin ba shi da ƙarfin riƙe su.

Ƙyallen gilashi ba ya bin kaifin kusurwa, ɗagewa yake yi ya bar iska, don haka ake dadashe kowane baki ya yi zagaye kafin a fara. Inda fata biyu za su haɗu a kusurwa, ko inda ake son manne mai ɗaukar nauyi, garin auduga ake damawa da efoksi. Inda ƙyalle ya ƙare wani ya ci gaba, su hau juna aƙalla santimita biyu da rabi. Idan kuma za a ƙara wani abu a kan aikin da ya riga ya daskare, wajibi ne a ci fuskar da samfefa mai kaushi har ƙyallinta ya mutu gaba ɗaya, ko kuma tun farko a rufe ta da siririn yadin Dacron wanda ake ɓarewa bayan daskarewa ya bar fuska mai kaushi. Bayan an gama a bi aikin da fitila a karkace, a kuma ƙwanƙwasa shi da kwabo. Wurin da ya manne yana amsawa da kaifin sauti, wanda ya rabu kuwa sautinsa a dushe yake.

Ka kula da jikinka. Mahaɗin efoksi yana taruwa wa fata sannu a hankali, har wata rana ta ƙi shi gaba ɗaya, kuma na san ƙwararren da ya bar sana'ar saboda ko shiga shagon ya yi sai hannuwansa da idanunsa su kumbura. Ka sa safar hannu ta robar naitiril, ka rufe hanci lokacin gugar samfefa, kuma kada ka wanke hannu da asiton, sabulu da ruwa sun isa.

Rana bayan an gama

Wannan ne abin da littattafan Turai ba su cika jaddadawa yadda ya dace da mu ba. Efoksin da ya daskare a zafin ɗaki yana fara laushi tsakanin digiri 50 da 60, kuma abu mai duhun launi da aka bari a ranar bazara yana iya kai digiri 80, inda shi kansa soson folistirin ke fara lalacewa. Shi ya sa kusan duk jirgin gilashi da ka gani fari ne. Na taɓa yi wa wani ƙaramin fiffike fenti shuɗi mai duhu, na bar shi jingine da bango daga hantsi zuwa azahar, na dawo na tarar ya lanƙwashe, kuma bai sake miƙewa ba. Fentin yana kuma kare efoksi daga hasken rana da ke cin sa a hankali.

Zafin yana da amfani idan an sarrafa shi. Idan aka gasa aikin bayan ya daskare, a digiri 50 zuwa 55 na tsawon sa'o'in da masana'anta suka faɗa, yana ƙara jure zafi. Mu nan rumfar baƙar leda da ma'aunin zafi sun isa, matuƙar an tallafe fiffiken a kan shimfiɗa madaidaiciya ta yadda ba zai lotsa ba, kuma wani yana tsaye yana duba ma'aunin.

Maganar adadin falle

Ba a faɗin adadin falle da ka. A fiffike guda, wani wuri falle biyu ne ko uku, azarar kuwa tana da kauri a gindi tana raguwa zuwa baki, kuma kowane falle da alƙiblar da zarensa zai bi. Wannan lissafin injiniyan da ya tsara jirgin ne, wanda ya san nauyinsa da gudunsa da tsawon fiffikensa. Ƙaramin jirgi na yau da kullum ana tsara shi ya jure ninki 3.8 na nauyinsa, sannan a ƙara rabin hakan don kariya. Ni mai shimfiɗawa ne da gyarawa, kuma ko a wurin gyaran da na yi aiki, takardar masana'anta muke bi falle bayan falle. Idan ka ƙara don tsoro, jirgin ya yi nauyi ko ma'auninsa ya karkace, kuma a fikafikan juyawa da na wutsiya ƙarin nauyi a baya yana jawo kaɗawar da ke wargaza jirgi cikin daƙiƙa kaɗan. Saboda haka shawarata ita ce ka sayi zanen jirgin da aka riga aka gina da yawa aka tashi da shi, ka bi shi ba ƙari ba ragi, ka kuma tuntuɓi hukumar kula da jiragen sama ta ANAC a Yamai tun kafin ka kashe kuɗi, domin ita ce mai ba da izinin tashi a ƙasar nan.

Kafin wannan, ga aikin da nake so ka yi a watannin sanyi masu zuwa. Ka yanka soso mai tsawon santimita 40 guda biyar, ka lulluɓe kowanne sama da ƙasa da falle biyu, kana auna ƙyalle da efoksi kana rubutawa a littafi tare da zafin shagon a lokacin. Bayan sati guda ka ɗora kowanne a kan bulo biyu, ka riƙa ƙara masa buhunan rairayi har ya karye, sannan ka duba karayar. Idan fatar ta ɓare ta taho da soso manne a jikinta, mannenka ya yi. Idan ta taho fes babu komai, ka koma kan maikiro da tsaftar fuska. Idan ka gama, ka kawo mini guda biyar ɗin da littafin mu duba su tare.